Shekarar da Maigidana Ya Kai Ni Ƙarƙashin Teku

Ni ba mai son ruwa ba ce. A cikin birnin Kano na tashi, ruwan da na sani shi ne na randa da na famfo, sai kududdufin bayan unguwarmu da ake zane duk wanda aka gani kusa da shi. Maigidana kuwa a gefen dam ɗin Tiga aka haife shi, ya iya iyo tun kafin ya iya haɗa baƙi. Ko da kasuwanci ya kawo mu birnin Guangzhou na ƙasar China, wannan son bai bar shi ba. In muka bi ta kan gadar kogin da ya ratsa garin, sai ya rage tafiya yana leƙen ruwan, ya ce abin tausayi ne a ce ga kogi haka amma ba mai shiga sai jiragen yashi.

Aikin kago yake yi. Yana da ɗan ofis a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Xiaobei, da sito a wajen gari inda ake tara kayan mutane a loda a kwantena. Ni kuma ina saro wa matan gida abaya da jaka da takalma, su aiko min hoto ta waya in shiga kasuwa in nemo. 'Yarmu ɗaya tana Kano wajen mahaifiyarsa saboda makaranta. Tun da muka zo ba mu taɓa yin abin da ake kira hutu ba. Zuwa gida da Sallah ba hutu ba ne, wanda ya taɓa yi ya sani.

Cikin kwastomominsa akwai wata mata da ranar da na fara ganinta a lif na gaishe ta da Hausa, na ɗauka 'yar zangon Kumasi ce. Ta yi dariya ta ce da Turanci ita daga wani tsibiri take a tekun Karibiyan. Shago gare ta a can, tana zuwa ta sari wandon jins a Xintang da takalma a Zhanxi Lu, maigidana ya tura mata. Muka saba. Na taɓa yi mata tuwon masara da miyar kuɓewa, ta ci tana girgiza kai, ta ce su ma haka suke yi a gida, sai dai su a cikin tuwon suke zuba kuɓewar. Ita ce ta nuna wa maigidana wani bidiyo a wayarta. Ƙaninta ne a ciki, sana'arsa koya wa baƙi nutso, a goya wa mutum tukunyar iska a baya ya sauka ƙarƙashin teku yana numfashi.

Ta tura masa bidiyon, shi ke nan na shiga uku. Muna cin abinci yana kallo, muna cikin jirgin ƙasa yana kallo.

"Hajiya, zo ki gani. Mutum ne fa yake numfashi a ƙasan ruwa kamar yana kwance a ɗakinsa."

"To sai me, Alhaji?"

"Sai a je."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Da ke za a je."

Na ce masa ni ko a baho ban yarda ruwa ya rufe min fuska ba, kuma matar aure da hankalinta ba za ta sa wannan matsattsen kayan a gaban maza ba. Bai yi gardama ba. Bayan wani lokaci sai ga shi da leda, ya samo min kayan ruwa irin na matan Malesiya, daga kai har idon sawu, da riga mai sauka har gwiwa. Ya shimfiɗa su a kan gado ya tsaya yana kallona yana murmushi. Mutum ne da bai taɓa roƙona komai don jin daɗin kansa ba. Na ce to.

Muka jira lokacin sabuwar shekarar 'yan China, da masana'antu suke rufewa kasuwa ta mutu murus, muka kama hanyar tsibirin matar nan. Tafiyar ta yi tsawo har na daina sanin ko yau wace rana ce. Amma da muka sauka sai na ji kamar an mayar da ni gida ta wata ƙofar. Ga zafi irin namu, ga mangwaro da tsamiya, ga awaki a bakin titi, mutane kuma duk kamanninmu. Ba wanda ya juyo ya kalle mu. Na daɗe rabona da in yi tafiya a titi ba a kalle ni ba. Da lokacin salla ya yi maigidana ya duba alƙibla a waya, ya kwashe da dariya ya ce, "Hajiya, mun dawo kallon gabas." A Guangzhou yamma muke fuskanta, kuma har yau jikina bai gama sabawa ba.

Matar nan ta sauke mu a wani ɗaki a bayan gidanta, tana ta hidima da mu, kullum kifi saboda ta san ba kowane nama muke ci ba. Ƙanin nata, malamin nutson, dogo ne mai sanyin magana, ba ya gaggawar komai. Ya fara da mu a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ya ɗaura mana ɗamarar dalma don kada mu taso, ya sa mana takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da gilashin da ke rufe ido da hanci. Tukunyar tana da nauyi a tudu kamar buhun gero. Ya ba mu abin da ake cizawa a baki a ja iska, ya ce doka ɗaya ce babba, kada mu taɓa riƙe numfashi. Ya koya mana maganar hannu, tunda ba baki a can ƙasa. In lafiya lau ne a haɗa babban yatsa da manuni a yi zobe. In aka ɗaga babban yatsa sama, ana nufin a fita. Maigidana ya kasa riƙe wannan. Da ya ji daɗi sai ya ɗaga babban yatsa, malam ya taso da mu, ya tambaye shi me ya faru, ya ce ba komai, daɗi ne.

Ni kuwa wahala na sha. Akwai darasin da za ka durƙusa a kan yashi a ƙarƙashin ruwa, ka bar ruwa ya shiga gilashinka da gangan, sannan ka hura iska ta hanci ka fitar da shi. Ruwan yana taɓa min hanci na miƙe zumbur, na tofar da abin bakin, ina tari ina salati. Na ce na fasa, a cire min kayan nan. Malam ya matsa gefe ya ba mu wuri. Maigidana ya zo ya tsaya a gabana, ruwa yana zuba daga gemunsa.

"In kin ce kin fasa, wallahi an fasa, ba zan ji haushi ba," ya ce. "Amma ki ƙara gwadawa sau ɗaya. Kada ki kalli ruwan, ni za ki kalla."

Muka koma ƙasa, gwiwata tana taɓa tasa. Na kafa masa ido, ruwan ya shiga, na hura, ya fita. Ya ɗaga min babban yatsa, ya tuna, ya yi sauri ya mayar da shi zobe.

Ranar da aka kai mu cikin teku sosai, a ƙaramin jirgi mai inji muka tafi. Aka jefa igiya, muka bi ta muna sauka a hankali, muna toshe hanci muna hurawa don kunne ya buɗe. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ba ƙarar babur, ba waya, ba mai kiran farashi, sai numfashina yana shiga yana fita, kumfa tana wucewa ta gefen kunnena. Sannan na buɗe ido da kyau. Murjanin nan da kakata take da shi a wuya, ashe a nan yake tsirowa, wani kamar reshen bishiya, wani kamar ƙwarya a kife, wani kamar mafici yana kaɗawa. Kifaye kuwa kamar an yayyanka atamfa an watsa, shuɗi da rawaya da ratsi-ratsi, kuma ba sa gudun mutum. Wata ƙatuwar kififiya ta zo ta wuce mu ba ta ko kula ba, kamar tsohuwa za ta unguwa.

Maigidana yana riƙe da hannuna, yana matsawa duk sanda ya ga wani abu. Na juya na kalle shi. Mutumin da na saba gani da waya biyu a kunne yana faɗa da direbobi, ga shi yana shawagi ba nauyi, idonsa a buɗe kamar na ɗan yaye. Dariya yake yi har ruwa yana shigar masa gilashi. Tun da na aure shi ban taɓa ganinsa haka ba.

Da muka fito muka hau jirgi, ya cire gilashin ya ɗaga fuska yana haki. Rana ta faɗo masa a ido kai tsaye. A nan na ga farin idonsa ya zama rawaya. A Guangzhou kullum a ƙarƙashin fitilar ofis nake ganinsa, ko a gida da yamma, ban taɓa lura ba. Sai sauran abubuwa suka fara dawo min. Ya daɗe yana rage abinci, yana cewa mai ya fara gundurarsa. Belinsa ya ƙara huda. Yakan dafe gefen cikinsa na dama in ya tashi daga zaune.

"Alhaji, idonka," na ce. "Kamar shawara."

"Gishirin ruwa ne."

"Gishiri ja yake sa ido, ba rawaya ba."

"To gajiyar jirgi ce. Ki bar ni in ji daɗina, Hajiya."

Na bar shi. A raina na ce shawara ce, in mun koma zan sa a aiko mana da sassaƙe daga gida, a kuma je asibiti.

A fita ta gaba, muna cikin jirgi an gama ɗaura masa kaya, ya yunƙura zai miƙe da tukunyar sai ya koma ya zauna. Ya sake yunƙurawa, gumi ya keto masa. Malam ya tsuguna a gabansa ya dube shi da kyau, ya sa hannu ya kwance masa ɗamarar da kansa. Ya ce masa cikin ladabi ba zai sauka da shi yau ba, kuma in shi ne, yana komawa zai ga likita. Na zaci maigidana zai yi musu. Sai kawai ya gyaɗa kai, a nan na tsorata.

Na fara cire nawa kayan. Ya riƙe min hannu.

"Ina za ki?"

"In ba ka shiga ba me zan je yi?"

"Ki je ki gano mana. Mun zo daga ƙarshen duniya, a ce duk mu biyu mun zauna a jirgi?"

"Tsoro nake ji."

"Na ga yadda kika yi jiya. Kin fi ni iyawa, ni surutu ne kawai. Je ki, ina nan."

Na sauka da malam. An ce wurin ya fi na farko kyau, akwai wani tsohon jirgi da ya nutse murjani ya rufe shi, kifaye suna shiga ta tagoginsa suna fita. Na gani, amma hankalina ba ya wurin. Can na juya na kalli sama. Ga ƙasan jirginmu baƙi a tsakiyar haske, ga kuma ƙafafu biyu sun sauko cikin ruwa daga gefensa suna lilo a hankali. Ya zauna a bakin jirgin ne ya tsoma ƙafa. Ban san mutum yana iya kuka a ƙarƙashin ruwa ba sai ranar. Malam ya yi min alamar tambaya, na yi masa zobe, muka ci gaba.

Da na fito maigidana ya sa ni a gaba sai na ba shi labari. Wane irin kifi, girmansa nawa, jirgin na katako ne ko na ƙarfe, na shiga ciki ko ban shiga ba. Na faɗa masa abin da na gani, yana lumshe ido yana gyaɗa kai. Sauran kwanakin a inuwa ya yi su a bakin teku, ni kuma ban ƙara shiga ba.

Muna komawa Guangzhou muka je asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka ce mu dawo. Ranar da muka dawo likitan ya leƙo ya ce ni in fara shiga. A can haka suke yi, iyali ake fara faɗa wa. Likitan yana jin Turanci daidai gwargwado. Ya juyo min da allon kwamfuta ya nuna min wasu tabo-tabo, ya ce ciwon daji ne a hanta, ya daɗe yana ci a ɓoye, ya riga ya bazu. Na tambaye shi aikin tiyata fa. Ya girgiza kai. Ya ce za su iya rage masa zafi, su ɗan ja lokaci.

Na fito na sami maigidana a kan benci yana amsa saƙo a waya. Ya ɗago ya kalle ni, ya kife wayar a cinya.

"Me ya ce?"

"Ya ce za a fara magani."

"Hajiya, ni da ke ba mu saba haka ba. Faɗa min kai tsaye."

Na zauna kusa da shi na faɗa masa. Ya yi Innalillahi a hankali, yana kallon mutanen da ke wucewa da ledojin magani. Sai ya ce akwai kayan wani Alhaji na Kumasi da ya kamata a loda kafin Juma'a, in tuna masa. Sannan ya ce, "Gara da muka je tekun nan."

An yi maganin na wani lokaci. Mutanenmu na Xiaobei sun yi mana abin da ba zan manta ba. Kanawa da 'yan Ghana da 'yan Nijar, wasu ma ban san su ba, suna zuwa bayan Juma'a su cika ɗakin, wannan ya kawo kunu, wancan ya kawo waakye, shinkafa da waken 'yan Ghana, a kula, wani ya zo da addu'a kawai. Maigidana yana kwance yana tsokanarsu, su fita su tsaya a baranda suna share ido. Cikinsa ya kumbura, sauran jikin ya zube. Da ya ga ƙafarsa ta fara gaza kai shi bayi, ya ce min, "Kai ni gida tun ana yarda in hau jirgi. Ba na so ki sha wahalar gawa a ƙasar mutane."

Na kai shi. Ya samu ya ga 'yarsa, ya ga mahaifiyarsa. A ɗakin mahaifiyar tasa ya cika, da hantsi, farkon damina, kansa a kan cinyata. Bai yi wata doguwar wasiyya ba. Ruwa ya nema, na ba shi a cokali, ya yi kalmar shahada.

Da na fita takaba 'yan uwa suka ce in zauna, me mace ita kaɗai za ta koma yi a China. Na ce akwai kayan mutane a sito, ko rufewa zan yi sai na je na sallami kowa. Na koma. Na buɗe ofis na tarar da silifas ɗinsa na alwala a bayan ƙofa inda ya bar su. Matar tsibirin ta kira ni, muka yi kuka a waya, ta ce ƙaninta yana yi min ta'aziyya.

Washegari na tafi sito. Akwai wani dattijo ɗan China da yake kula da lodi, sun daɗe tare da maigidana, ba ya jin Turanci ko kaɗan, da hannu da 'yan kalmomi suke fahimtar juna. Ya san mun tafi gida jinya, bai san ƙarshen labarin ba. Yana hango ni ya taho da sauri yana goge hannu a riga, yana leƙen bayana.

"Laoban?" ya ce. Wato ina maigida.

Duk zaman da na yi a garin, yaren kasuwa kawai na koya. Na iya sannu, na iya na gode, na iya rage min, na iya ya yi tsada. Ban san yadda ake cewa mutum ya rasu ba. Kalma ɗaya ce ta zo min, wadda masu shago suke faɗa in kayan da kake nema sun ƙare.

"Meyo," na ce. Babu.

Ya tsaya yana kallona. Na ga sanda ya gane. Ya cire hularsa, ya juya ya yi wa masu lodin tsawa suka kashe injin ɗaukar kaya. Ya jawo min kujerar roba, ya zuba min shayi a murfin filas ɗinsa, ya koma gefe ya tsuguna ya rufe fuska da hular.

Da ya tashi ya ɗauko alli ya zagaya da ni cikin siton, yana nuna min kwalaye, wannan na wane ne, wannan Tema ta Ghana za shi, wannan Legas. Na bi shi ina gyaɗa kai. Mota tana jira a waje, direba ya fara danna oda. Na ajiye murfin shayin, na ce a fara da na Legas.